Kafin Ka Sayar Wa 'Yan Gwangwan Tsohon Inji, Tsiyaye Man Giyar Ka Gani

Na san wani zai ce me ya haɗa shafin wayoyi da injin kwalekwale. Ka ɗan yi haƙuri, mai karatu, domin wayar da ke hannunka ce ta ceci injin da zan ba ka labarinsa.

Kawuna ya yi shekaru yana sana'ar su a Baga, bakin Tafkin Chadi. Da zaman can ya fara gagara, tun kafin harin watan Janairun 2015, ya tattara ya dawo gida Kazaure. Babbar dukiyar da ya dawo da ita ita ce tsohon injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, wanda yake ɗaura wa kwalekwalensa a Dam ɗin Muhammadu Ayuba. A daminar bara injin ya fara wani hali. Ana cikin tafiya sai a ji ƙwas, kamar an bugi kututture a ƙarƙashin ruwa, giya ta kuɓuce ta sake kamawa. Ya kai wa wani bakaniken babura, ya saurara, ya girgiza kai, ya ce giya ta mutu, a sayar wa 'yan gwangwan a huta.

Ɗan kawun nawa, wanda kullum ake yi wa faɗan danna waya, shi ne ya ce, "Baba, a ba ni kwana biyu." Ya ɗauki hoton ɗan allon ƙarfen da ke jikin injin, inda aka rubuta lambar samfurinsa. Da wannan lambar ya nemo littafin gyaran injin a intanet, ya sauke shi, ya bi zane-zanen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance noti biyu, ya tsiyaye man giyar a kwano, sai ga shi fari-fari kamar an dama kunu da madara. Ya cire farfela, ya tarar da zaren taru ya nannaɗe a bayanta har ya yanka robar da ke hana ruwa shiga. Aka aika Kano aka sayo robobin da wani ɗan ƙarfe guda. Bakaniken nan da ya ce a zubar, shi ne ya zauna ya haɗa, yana kallon zanen a fuskar wayar yaron. Har yau injin yana kan ruwa.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: yawancin injinan da muke yanke wa hukuncin mutuwa, rashin bayani ne ya kashe su. Bakanikenmu yana da hannu, matashinmu yana da data, amma ba kasafai suke zama a tabarma ɗaya ba.

Yadda giyar take aiki

Injin kwalekwale hawa biyu ne. A sama ake ƙona fetur. A ƙasa, cikin ruwa, akwai akwatin giya. Wata doguwar sandar ƙarfe ce ke saukowa daga sama tana juyawa, a ƙarshenta akwai ƙaramar giya mai haƙora. Wannan ƙaramar tana juya manyan giya biyu a lokaci guda, ta gaba da ta baya, kowace tana bin ɓangaren da ya saɓa wa 'yar'uwarta. A tsakaninsu akwai ɗan ƙarfe mai kunnuwa da ke zamewa a kan sandar farfela. Idan ka tura hannun giya gaba, sai ya cafki giyar gaba. Idan ka ja baya, ya cafki ta baya. Idan yana tsakiya, inji na kuka amma farfela na tsaye. Duk wannan yana iyo ne a cikin man giya, kuma 'yan robobi kawai suka raba shi da ruwan dam. Wanda ya gane haka ya gane rabin matsalolin.

Abin da alamomi ke faɗa

Launin mai shi ne gwajin farko. Idan ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, kuma galibi zaren kamun kifi ne ya cinye robar bayan farfela, ko washar notin ta tsufa. Idan ya fito baƙi ƙirin yana warin ƙuna, ya daɗe ba a canza ba. A injina da yawa notin ƙasa yana da mayen ƙarfe a bakinsa. Ɗan gari mai laushi a jikinsa ba abin tashin hankali ba ne, amma idan ka ga ɓarɓashin da yatsa ke ji, haƙori ko boris ya fara ci.

Idan giya na kuɓucewa, kunnuwan ɗan ƙarfen nan ne suka lashe, ko kuma sandar da ke tura shi ba ta kai shi ƙarshe. Abin da ke lashe su shi ne sa giya a hankali cikin tsoro, har ana jin gurrr, ko sa ta alhali wutar inji na sama. A rage wuta, sannan a sa giya da sauri, lokaci ɗaya.

Idan kuwa inji na ƙara kuka amma kwalekwale ba ya tafiya, kada a yi saurin zargin akwatin giya. A tsofaffin ƙananan injina akwai ɗan fil da aka yi shi musamman don ya karye idan farfela ta bugi dutse, ya ceci giyar. A wasu kuma roba ce a cikin farfelar, takan saki ta riƙa sulɓewa. Ka ja layi da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta, ka ɗan yi tafiya, ka duba. Idan layin ya rabu biyu, farfela ce matsalar.

Wajen zuba sabon mai ma akwai ƙa'ida. Ta ramin ƙasa ake matsa shi har sai ya leƙo ta na sama, a rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa, da sabuwar washa. Zubawa ta sama tana barin iska a ciki, ka zaci ya cika alhali bai cika ba. Yawancin injina man giya mai lamba 90 suke sha, ana canzawa bayan awa 100 na aiki ko sau ɗaya a shekara, amma littafin injinka shi ne alƙali. Kafin ka taɓa farfela ka zare hular fulogi. Kada kuma ka tayar da injin a tudu ba ruwa, domin robar da ke tura ruwan sanyaya shi a saman akwatin giyar take, cikin ƙanƙanin lokaci take ƙonewa.

Me ya sa wannan ya shafe ka

Wataƙila kai ba ka taɓa shiga kwalekwale ba. To amma leƙa gidanku. A Roni da Gwiwa akwai injin ban ruwa na noman rani da aka jingine a zaure. A Babura akwai injin niƙa da janareto da babur da aka ce sun mutu. Akwai kuma tsohuwar wayarka a durowa, wadda wataƙila ramin caji ne kawai ya cika da ƙura. Hanyar ɗaya ce: nemo lambar samfuri, sauke littafin gyara, fara da abu mafi araha kafin mafi tsada.

Tsofaffin injina suna da wata daraja da sababbin kaya ke rasawa: an ƙera su ne don a buɗe su da sifana da sukudireba. Kamfanin British Seagull na Ingila ya daina ƙera injin kwalekwale tun 1996, an kuma tsayar da ƙera Evinrude a 2020, amma har gobe mutane na gyara su suna hawa ruwa da su. Kwatanta da wayar da aka manne batirinta da gam. Abin ya dami Turawa har ya zama doka. Faransa ta fara tilasta wa masu sayar da wayoyi nuna makin sauƙin gyara a 2021, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024. Abin da suke nema da doka, mu mun gaje shi a Ƙofar Ruwa da Farm Centre a Kano da Panteka a Kaduna. Abin kunya ne mu sake shi a daidai lokacin da bayani ya shigo aljihunmu.

Inda zan yarda da masu suka

Za a ce tsohon inji mai haɗa fetur da baƙin mai yana shan mai da yawa, yana kuma barin maiƙo a ruwan da kifi ke ciki. Gaskiya ne. Wanda yake da halin sayen sabo ya saya. Sai dai masunci da ke lissafin abincin gobe ba sabo da tsoho yake zaɓa ba, tsakanin tsoho mai aiki ne da komawa filafili.

Za a kuma ce bidiyon YouTube ya sa kowa ya zama bakanike. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Canza mai, cire zare, sauya fil, duk aikin gida ne. Amma sauya giya masu haƙora yana buƙatar a daidaita tazarar da ke tsakaninsu da ma'auni, kuskure kaɗan sai su cinye juna. Wannan aikin gwani ne. Idan jikin akwatin ya tsage, a daina ɗaukar mutane da shi. Ba mu manta da hatsarin kwalekwalen Bagwai na ƙarshen Nuwambar 2021 ba, inda aka rasa rayuka da dama, akasari 'yan makarantar Islamiyya. Lodi fiye da ƙima aka fi dangantawa da shi, amma darasin ya shafi kowa: ruwa ba ya karɓar uzuri. Ko injinka sabo ne, ka riƙe filafili da rigar kariya a cikin jirgi.

Giɓin da ya rage

Littattafan gyaran nan da Turanci suke, bidiyoyin ma haka, alhali mutanen da suka fi buƙatarsu Hausa suke ji. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, muna da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da aka kafa a 2021. A cikin ɗalibansu akwai ɗaruruwan masu kyamara mai kyau a aljihu. Ɗalibi ɗaya ya je wajen dattijon bakanike, ya nemi izininsa, ya ɗauki yadda ake tsiyaye man giya a minti uku da Hausa, ya faɗi sunan mai sana'ar da inda shagonsa yake, ya tura a WhatsApp da TikTok. Bakaniken ya samu kwastoma, ɗalibin ya samu mabiya, wani manomi a Gwiwa ya tsira da kuɗin sabon inji.

Ranar da aka mayar da injin kawuna ruwa, bakaniken nan ya miƙa wa yaron wayarsa ya ce, "Yaro, sa min wannan littafin a tawa." Yaron ya tura masa ta Bluetooth, ko sisin data ba su kashe ba.