Zancen Littattafai: Amsa Ga Wani Malamin Makaranta

A cikin takardun da suka iso mini wannan mako akwai ta wani babban malamin makaranta daga ƙasar Katsina. Ya ce an ba shi 'yan kuɗi kaɗan ya sayo littattafai domin ɗakin karatun malamansa, shi kuwa ya ƙudura ba zai sayi kome ba sai tarihin da manyan mutane suka rubuta na rayuwarsu, don a ganinsa nan gaskiya ta ke. Ƙagaggun labarai kuwa, in ji shi, sunansu ma ya isa shaida, ƙarya ce aka yi wa bango. Ya roƙe ni in lissafa masa waɗanda suka fito a 'yan shekarun nan. To, Malam, na ji, amma kafin kuɗin nan su bar aljihu ina so ka ba ni aron kunne.

Littafin tarihin rayuwa da ya fi tā da ƙura shi ne na Janar Ibrahim Babangida, wanda ya mulki Nijeriya daga 1985 zuwa 1993. Sunansa A Journey in Service, an fito da shi a Abuja cikin watan Fabrairu na 2025. Na karanta shi, kuma ba na hana ka saye. A ciki ne ya amsa da kansa cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yuni 1993, zaɓen da aka soke a zamanin mulkinsa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, ko da ya ke sai da aka yi shekara talatin da ɗoriya sa'an nan ta fito. Amma da ya zo ga wanda ya sa aka soke, sai ya jingina mafi yawan laifin ga wasu hafsoshi waɗanda ya ce Janar Abacha ne jagoransu. Abacha kuwa ya rasu a 1998, Abiola ma ya bi shi bayan wata guda. Iyalin Abacha sun fito sun musa. To, Malam, wane alƙali ne zai yanke shari'a a kan maganar mai ƙara kaɗai, alhali wanda a ke ƙara yana kabari? Ni ban ce marubucin ya yi ƙarya ba. Na ce dai shi ɗan Adam ne, kowa ya ba da labarin kokawarsa da wuya ka ji inda aka kā da shi. In ka sayi littafin, ka gaya wa malamanka su karanta shi kamar shaidar mutum ɗaya.

Yanzu ga wanda ka kira ƙarya. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya fito da Season of Crimson Blossoms a 2015, kuma a 2016 littafin ya ci babbar kyautar adabi ta Nijeriya, dala 100,000. Labarin wata gwauruwa ce, Hajiya Binta, mai shekara 55, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos ta koma zama kusa da Abuja. Ran nan wani ɗan daba mai sayar da tabar wiwi, ana ce da shi Reza, ya haura gidanta sata, daga nan abin da ba a zata ba ya shiga tsakaninsu.

Ba a taɓa yin Hajiya Binta a duniya ba, na yarda. Amma akwai abu guda a cikin labarinta wanda ya hana ni barci. Tana da ɗan fari, ta yi masa alkunya yadda iyayenmu su ke yi, ba ta kiran sunansa, ba ta jawo shi jiki, har ya girma ya lalace, aka kashe shi ba ta taɓa nuna masa abin da ke ranta ba. Da na kai nan sai na rufe littafin na yi tagumi, domin ni ma ɗan fari ne, kuma har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ban taɓa tambayar kaina ko abin yana yi mata ciwo ba, sai da wannan maƙaryaci, yadda ka ce, ya tambaye ni. Wane babban mutum ne zai rubuta irin wannan a tarihinsa? Kunya ba ta barinsa.

Amma kada in ruɗe ka. Littafin yana da wuraren da marubucin ya kwance zance fiye da yadda ni zan so, kan abin da ke tsakanin mace da namiji ba da aure ba. Na manya ne. Kada ya kai hannun 'yan makaranta, kuma in akwai dattijo cikin malamanka wanda irin wannan ke ɓata wa rai, ka faɗa masa tun da wuri.

Duka biyun da Turanci su ke, wannan kuwa abin takaici ne. In kana son na Hausa, nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Ba sabo ba ne, tun 1990 ya fito, amma a 2012 aka juya shi da Turanci aka buga a ƙasar Indiya. Labarin Rabi ce, wadda mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta riƙa sayar da abinci tana ciyar da su. Ƙarshensa bai gamshe ni ba, don an matsa mata ta koma bayan wuta ta cinye dukiyar mijin, amma na san gidaje uku a unguwarmu da aka yi haka.

Saboda haka, Malam, raba kuɗin nan biyu. Wanda kuma ya karanta ɗaya daga cikin ukun nan ya ga na zalunci marubucinsa, ya aiko da takarda, za a ba shi fili. Haza wasalam.