Wanda Ya Ajiye Kare Ya Ɗauki Nauyin Unguwa

Gabatarwa

Kare yana cikin dabbobin da suka fi daɗewa tare da ɗan Adam. Masana sun tabbatar da cewa daga kyarkeci ya samo asali, kuma ya fara zama da mutane fiye da shekara 14,000 da suka wuce, tun kafin a san noma ko kiwon tumaki. A ƙasar Hausa ma yana da gurbinsa: mafarauci na shiga daji da shi, makiyayi na tsare garke da shi, mai gona da mai gida kuma na dogara da haushinsa idan dare ya yi. Malaman fiƙihu sun yarda da ajiye shi domin irin waɗannan buƙatu. Duk da haka, babu dabbar gida da ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Ana yi wa akuya dusa, ana yi wa doki harawa da kanwa, amma kare sai a bar shi ya nemi abincinsa a juji da bayan mayanka, da dare kuma a sa ran zai yi gadi.

Wannan sakaci yana da tsada, kuma sau da yawa ɗan maƙwabci ne yake biya. Karen da ba a ciyar ba zai yi yawo, wanda ya yi yawo zai haɗu da cuta, cutar kuma gida zai kawo ta. Saboda haka kula da kare al'amari ne na lafiyar jama'a, kuma nauyinsa na farko yana wuyan wanda ya ajiye shi.

Abinci da ruwa

A shekarar 2013 wasu masu bincike a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa kare ya fi kyarkeci yawan ƙwayoyin gadon da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci. Ma'ana, tsawon zamansa da manoma ya sa cikinsa ya saba da abincin hatsi. Don haka babu laifi a ba shi tuwo, ko ƙanzo da aka jiƙa, ko dafaffiyar shinkafa. Kuskuren shi ne a tsaya a nan. Babban kare yana buƙatar kusan kashi 18 cikin 100 na busasshen abincinsa ya zama furotin, wato sinadarin gina jiki, ɗan kwikwiyo kuwa fiye da kashi 22. Tuwo kaɗai ba ya kai wannan. Ana cike giɓin da abin da ba ya da tsada: dafaffen ƙwai, dafaffen wake, kifi da aka dafa aka cire ƙaya, ko guntattakin nama da ake samu da araha wajen mahauta.

Ya kamata a keɓe wa kare rabonsa kafin a zuba miya. Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da sinadaran da ke lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, kuma dahuwa ba ta kawar da su, ga gishiri da barkono da ba ya buƙata. Goro da cakulan su ma guba ne a gare shi, domin jikinsa yana jinkirin fitar da sinadarin da ke cikinsu, sai ya taru ya dami zuciya da jijiyoyi. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi tsini, yana iya maƙalewa a maƙogwaro ko ya huda hanji.

Abu mafi haɗari shi ne jefa wa kare ɗanyen kayan ciki, musamman lokacin Babbar Sallah. Wani lokaci akan ga ƙulli mai ruwa a hanta ko huhun rago, sai a yanke wurin a jefa wa kare. A cikin wannan ƙulli akwai 'ya'yan wata ƙaramar tsutsa da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita ta kashinsa, ya shiga ƙasa da ganye da hannun yara. Idan mutum ya haɗiye shi, irin wannan ƙulli ne zai tsiro a hantarsa ko huhunsa, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Abin da ya dace shi ne a binne naman da ya lalace ko a ƙone shi, mai kyau kuma a dafa.

Ƙasar Chadi ta ba da darasi a kan haka. An tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu a shekarar 2013, amma a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari an gano cutar a jikin karnuka tun daga 2012, har adadin ya kusa 2,000 a shekarar 2019. Masu bincike sun danganta abin da ɗanyen hanjin kifi da ake zubarwa da kuma ruwan tafki da karnukan ke sha. Binne hanjin kifi da tsare karnuka suna cikin matakan da aka ɗauka, kuma adadin ya ragu ƙwarai daga baya.

Game da ruwa, kare mai nauyin kilo 15 yana buƙatar kusan lita ɗaya a rana, fiye da haka a lokacin bazara. Ba ya yin gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake sanyaya jikinsa. Karen da aka ɗaure a rana cikin watan Afrilu ba inuwa ba ruwa yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

Makonnin farko na ɗan kwikwiyo

Karya takan ɗauki ciki na kimanin kwana 63. Ana haihuwar 'yan kwikwiyo ido a rufe, kunne a toshe, sai bayan kwana 10 zuwa 14 idon ke buɗewa. Dakashin da suka sha a yinin farko shi ne garkuwarsu daga cututtuka har tsawon makonni. Daga mako na 3 ko na 4 ake fara ba su abinci mai laushi, a kammala yaye wajen mako na 7 ko na 8.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Mutum zai ɗauko ɗan kwikwiyo da buɗe idonsa, ya kawo gida ya riƙa ba shi koko ko madarar shanu, da tunanin cewa haka zai fi sabawa da shi. Madarar shanu ba ta kai nonon karya kitse da furotin ba, kuma takan sa zawo. Bugu da ƙari, a cikin wasa da uwa da 'yan'uwa ne ɗan kwikwiyo ke koyon sassauta cizo: idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wasa ya tsaya. Wanda aka raba da su da wuri ya rasa wannan makaranta. A bar shi da uwarsa har mako 8. Bayan haka a ciyar da shi sau 4 a rana har ya kai wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2 ya isa.

Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsu, domin tana ratsawa daga uwa ta mahaifa da ta nono. Alamarta ƙaton ciki da ramar jiki. Ana fara ba da maganin tsutsa a mako na 2, a maimaita duk bayan mako biyu har wata 3, bisa awon da likitan dabbobi ya tsara. Wannan kariya ce ga yaran gida ma, domin ƙwan tsutsar yana daɗewa a ƙasar da suke wasa. Daga mako na 6 zuwa na 8 ake fara allurar rigakafin cututtukan ƙuruciya, a maimaita har mako na 16. Mafi muni a cikinsu ita ce cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, wadda ta bazu a duniya a 1978.

Kaska da ƙuma da ƙazuwa kuwa suna da magungunansu a asibitin dabbobi. Shafa baƙin mai ko fesa maganin ƙwarin gona a jikin kare yana ƙona fata, idan ya lasa kuma ya zama guba. Haka nan magungunan ciwon jiki na mutane suna iya lalata masa hanta ko ƙoda.

Horo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka yi na tsawon shekaru a jihar Maine ta Amurka, wanda suka wallafa a 1965, ya nuna cewa tsakanin mako na 3 da na 12 ne ɗan kwikwiyo ke tantance abin da zai saba da shi da abin da zai ji tsoro. A wannan lokaci ya kamata ya ga yara da manya, awaki da kaji, ya ji ƙarar babur da ta injin niƙa, a taɓa kunnensa da ƙafarsa a hankali. Wanda ya girma a kulle a bayan gida ba ya bambanta ɓarawo da almajiri.

Akwai masu ganin cewa yunwa da duka da ɗauri su ne ke sa kare ya yi zafi. Lalle suna sa shi cizo, amma cizon tsoro ne, wanda ba ya zaɓen wanda zai faɗa wa. Ilimin halayyar dabbobi, tun daga gwaje-gwajen Pavlov a Rasha zuwa na Skinner a Amurka, ya nuna cewa dabba tana haɗa abubuwan da suka zo a jere, kuma tana maimaita aikin da lada ya biyo bayansa. Sharaɗin shi ne ladan ya zo nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan aka ce "zauna" ya zauna, a ba shi ɗan guntun nama a lokacin. Idan aka doke shi da yamma saboda ɓarnar da ya yi da safe, abin da ya koya kawai shi ne mai gidansa abin tsoro ne. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya wadatar, da kalmomi kaɗan waɗanda kowa a gidan zai riƙa amfani da su ba canji: zo, zauna, bari. Yara su ma a koya musu kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa.

Haukan kare

Duk abin da ya gabata yana komawa ne ga wannan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana bin jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata 2 zuwa 3. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

Abin takaici shi ne maganin ya daɗe da samuwa. A watan Yuli na 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. A Nijeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana sarrafa allurar karnuka. Ana yi wa ɗan kwikwiyo a wata na 3, a riƙa sabuntawa kamar yadda likita ya ƙayyade, a kuma adana takardar shaida.

Idan kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar domin a fara allura. Kada a cusa toka ko barkono ko ganye a ciwon, kada kuma a jira a ga abin da hali zai yi. Idan an san karen, a tsare shi a lura da shi kwana 10, a kuma sanar da ma'aikatan dabbobi.

Wasu na cewa mafita ita ce a kashe karnukan da ke yawo. An gwada haka a ƙasashe da yawa ba a ci nasara ba, domin muddin juji na nan, wasu karnukan za su maye gurbin, kuma sau da yawa har da waɗanda aka yi wa allura ake kashewa. Abin da ya yi aiki shi ne yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura. A birnin Injamena an yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta ɓace daga karnukan birnin na watanni da dama, kafin ta sake shigowa daga kewaye. Ƙasar Mekziko ta dage shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da haukan da mutane ke ɗauka daga kare.

Kammalawa

Za a iya cewa mutumin da ke fama da cefanen iyalinsa ina ya ga kuɗin ƙwai da allurar kare? Tambaya ce mai nauyi, amma lissafin a fili yake: allurar kare guda ba ta kai ko kusa da kuɗin jerin alluran da za a yi wa yaron da ya ciza ba, balle a yi maganar rai. Wanda ba zai iya ciyar da kare da yi masa rigakafi ba, ya fi masa alheri ya haƙura da ajiye shi. Wanda ke da karya kuma ba ya buƙatar 'ya'ya, ya nemi likita ya yi mata aikin hana haihuwa maimakon zubar da 'yan kwikwiyo a kwata.

Hukuma ma tana da nata rabon. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son daina mutuwar mutane daga haukan kare, kuma ana keɓe ranar 28 ga Satumba domin faɗakarwa. Ya kamata ƙananan hukumomi su riƙa kai allura unguwa-unguwa kyauta ko da rahusa, tare da masu unguwanni da sarakunan farauta, waɗanda suka san kowane gida da ke da kare. Ɗaliban kimiyya da na likitancin dabbobi kuma suna iya ɗaukar wannan saƙo zuwa makarantun firamare na garuruwansu a lokacin hutu, tun da yara ne cutar ta fi yi wa ɓarna.