Ba Ƙarya Baba Soja Ya Yi Ba

Sa'ad da mu ke yara a Gesse akwai wani dattijo da mu ke kira Baba Soja, Allah ya ji ƙansa. Ya yi yaƙin Bama. In an sauko daga la'asar yakan zauna gindin dalbejiya ya ba da labari, kullum shi ke nan guda. Wai an zuba su cikin wani jirgin ruwa mai baki kamar ƙyaure, aka bi gaɓar teku da su da duhun asuba. Da jirgin ya dunguri ƙasa sai bakin ya faɗi, suka fito cikin taɓo har cinya, kaya bisa kai, bindiga a ɗage. Wai kuma ruwan can yakan cika ya janye sau biyu kowace rana. Nan manya kan bushe da dariya, su ce, "Haba Baba! Mu Kabawa za a gaya wa ruwa? Gulbi sau ɗaya ya ke cika a shekara."

To, jama'a, mu ne jahilai, ba shi ne maƙaryaci ba. Ruwan teku lalle yana cika yana janyewa haka, wata ne ke jansa. Sauran labarin kuwa ga shi a rubuce.

A 1942 Japanawa suka cinye Bama. A 1943 Ingilishi suka haɗa Runduna ta 81 daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, suka kai ta Indiya, Runduna ta 82 ta biyo a 1944. Aka jefa su Arakan, ƙasar duwatsu da kurmi da rafuffukan ruwan gishiri, inda mota ba ta da hanya. Mutanenmu suka ɗauki kayan yaƙi a ka, jiragen sama na sako musu abinci. A watan Janairu 1945 aka sauke mayaƙa daga teku: ran 3 a tsibirin Akyab, ran 12 a Myebon, ran 22 a Kangaw. Kafin watan ya ƙare sojan Afirka ta Yamma sun shiga Myohaung.

Wani zai ce, ai waɗanda suka fara sauka a Myebon da Kangaw sojan Ingila ne da na Indiya. Gaskiya ne, ba mu musu. Amma don me aka sauka Kangaw? Don a datse hanyar Japanawan da namu suka koro daga arewa. Duk wanda ya taɓa ganin su a Matan Fada ta Argungu ya san mai koro kifi da mai tare shi da homa aikinsu ɗaya ne. Wanda ya yabi mai homa ya manta da mai kora bai yi adalci ba.

Wani kuma zai ce, yaƙin Turawa ne, ina ruwanmu? Yaƙin dai nasu ne, amma ƙafafun da suka shiga taɓon namu ne, kaburburan da aka bari can kuwa na 'ya'yan talakawanmu ne. Wanda aka ɗauke daga bakin gulbi aka kai shi bangon duniya, ya komo da abin da idonsa ya gani, ya cancanci a saurare shi, ko da yaƙin bai yi mana daɗi ba.

Abin kunya ma, sunayen suna nan gabanmu, ba mu san su ba. Barikin Dodan na Ikko, inda shugabannin soja suka zauna har 1991, sunan wani wuri ne a Bama. Haka barikin Myohaung da na Arakan a Ikko, haka Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Mun riƙe suna, mun yar da labari, kamar mai ajiye kube ya jefar da wuƙa. Ran 15 ga Janairu kowace shekara a kan ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, amma fure ba ya ba da labari.

Yanzu fiye da shekara 80 ke nan, mazajen nan kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura 'ya'yansu da jikokinsu, da lambobin yabo da takardun sallama da ke ƙasan adaka, gara na ci. Ku 'yan'uwa da kuka fita ajin yaƙi da jahilci, ga aikin da ya dace da alƙalaminku. Ku je gidan tsohon sojan unguwarku, ku gai da iyalinsa da ladabi. Ku rubuta sunansa da lambarsa da garinsu, da abin da ya kan faɗa, yadda ya faɗe shi, kada ku ƙara gishiri, kada ku rage abin da hankalinku bai ɗauka ba. Abin da muka yi wa dariya a Gesse shi ne ya fito gaskiya.

Ni dai na makara, ban nemi gafarar Baba Soja ba har ƙasa ta rufe shi. Allah ya sa ku kada ku makara, amin.