Wa Ya Kamata Ya San Littafin Da Ka Karanta?

Makonni shida bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar dokokin Amurka ta amince da dokar tsaro da ake kira Patriot. Sashe na 215 na dokar ya ba hukumar FBI damar neman kowane irin kundin bayanai daga wata kotun sirri, har da rijistar laburare da rasit ɗin shagon littattafai, in dai ta ce abin ya shafi binciken ta'addanci. Wanda aka nemi bayanan a hannunsa kuma ba shi da ikon faɗa wa kowa. Ma'aikatan laburare ne suka fi kowa ɗaga murya, har antoni janar na lokacin, John Ashcroft, ya ce a 2003 hayaniya ce kawai marar tushe.

To ashe da tushe. A 2005 jami'an FBI suka kai wa wata ƙungiyar laburarori a jihar Connecticut wasiƙar tsaron ƙasa, irin wadda ba ta buƙatar sa hannun alƙali, suna neman sanin wanda ya yi amfani da wata kwamfuta. Ma'aikata huɗu, George Christian da Barbara Bailey da Peter Chase da Janet Nocek, suka ƙi, suka tafi kotu. An sa musu takunkumi, ko iyalansu ba su isa su gaya wa ba. Majalisa na ta muhawarar sabunta dokar, su kuwa da suka ɗanɗana kuɗarta an rufe musu baki. Sai a 2006, bayan an sabunta ta, aka cire takunkumin, gwamnati kuma ta janye buƙatarta.

Na san abin da wani zai rubuta a ƙasa: "Ni fa ba ni da abin ɓoyewa." Malam, ɗan dakata. Abin da mutum ya karanta ba hujja ba ne a kan abin da zai aikata. Ɗalibar kimiyyar siyasa da ke rubutu kan ƙungiyoyin 'yan bindiga dole ta karanta aƙidarsu. Wanda likita ya gaya wa yana ɗauke da wata cuta zai so ya yi bincike a asirce. Idan kowannensu ya san ana rubuta sunansa, zai haƙura da littafin ne kawai. Ba a kama kowa ba, ba a ƙona littafi ba, amma tsoro ya gama aikin.

Kuma zato kan yi kuskure. A jihar Kolorado 'yan sanda sun kai samame wani wuri da ake haɗa miyagun ƙwayoyi, suka tarar da littattafan koyon haɗa su, da kuma ambulan na shagon Tattered Cover da ke Denver. Suka nemi rasit. Mai shagon, Joyce Meskis, ta ce a'a. A 2002 kotun ƙolin jihar ta ba ta gaskiya. Daga baya aka gano cewa littafin da ya zo a ambulan ɗin na koyon rubutun Japananci ne.

Gaskiya jami'an tsaro ma suna da abin cewa. Ta'addanci ba wasa ba ne, mu da muka ga Boko Haram mun fi kowa sani. Amma hanyar a fili take: a je gaban alƙali da sunan wanda ake zargi da dalilin zargin, a bar mai shago ko ma'aikacin laburare ya ƙalubalanci umarnin. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a jefa koma a kwashe kowa. Wannan sashe na 215 ai shi ne Edward Snowden ya fallasa a 2013 cewa da shi hukumar NSA ta fake tana tara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa. Ƙofar da aka buɗe don mutum ɗaya, gari guda aka shigar. An rage wa sashen ƙarfi a 2015, wa'adinsa ya ƙare a Maris 2020, amma wasiƙun tsaron ƙasa suna nan.

Me ya haɗa mu da wannan? Wayar da ke hannunka. Laburarori da yawa a Amurka suna goge sunan mai aro da zarar ya dawo da littafi, saboda abin da ba a ajiye ba ba za a iya ƙwace shi ba. Manhajar karatu kuwa tana iya sanin littafin da ka buɗe, da shafin da ka tsaya, da ƙarfe nawa na dare ka tsaya. Mu da ke karanta littattafan Hausa a Wattpad da zaurukan WhatsApp, sawunmu ya fi na masu zuwa laburare fitowa ɓaro-ɓaro. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023. Sai dai doka ba ta aiki da kanta. Ku tambayi laburaren makarantarku tsawon lokacin da take ajiye rijistar aro, da wanda ke da ikon dubawa. Ƙungiyoyin ɗalibai su nemi a rubuta ƙa'ida cewa ba a miƙa sunan mai karatu sai da umarnin kotu. Kafin ka sauke manhajar karatu, duba izinin da take nema. In ta ce sai ta ga lambobin wayarka da inda kake, nemi wata.