Hukuncin Shafa Jan Fenti a Cikin Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗan kasuwa ya aiko mana da takarda yana neman fatawa. Ya ce da ya gama ginin gidansa sai ya sa aka shafa wa falonsa fenti ja mai duhu, irin launin jan ƙasa idan ta sha ruwa. Da wansa ya zo ganin gida, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga, ya ce ja haramun ne ga namiji, kuma launin iskoki ne. Tun daga ranar ba su sake gaisawa ba. Yana tambaya ko wajibi ne ya kankare fentin.

Amsa ita ce ba wajibi ba ne. Asalin abubuwan ado halal ne, sai wanda nassi ya hana. A Suratul A'araf, aya ta 32, Allah Ya yi inkari ga mai haramta ƙawar da Ya fitar wa bayinSa. A Suratu Faɗir kuwa, aya ta 27, Ya lissafa jajayen hanyoyin da ke jikin duwatsu cikin alamomin ikonSa. Saboda haka zancen iskoki camfi ne, ba shi da madogara.

Muna zaton wan nasa ya ji maganar tufafi ne, ya ɗora ta a kan bango. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi sa tufafin da aka rina da usfur, wani tsiro mai jan rini. Amma Buhari ya ruwaito cewa Barra'u ɗan Azib ya ga Annabi sanye da jajayen tufafi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya ce masu ratsi ne, ba ja zalla ba. Nawawi kuma ya kawo cewa Imamu Malik ya halatta sa mai rinin usfur a cikin gida, ya karhanta shi a kasuwa da wuraren taro. To, in tufafin ma akwai saɓani a kansu, ina ga bango, wanda ba a sa shi a jiki?

Maganar da ta shafi gini kai tsaye ita ce ta Sayyidina Umar, wanda ya faɗaɗa Masallacin Madina a shekara ta 17 bayan Hijira. Buhari ya kawo cewa ya umarci magini ya kare mutane daga ruwan sama, ya kuma guji ja da rawaya don kada ya fitini masallata. Wannan hani na masallaci ne, an kuma faɗi dalilinsa. Sai dai akwai darasi ga gida, domin a ɗaki mata suke salla, a nan kuma maza ke nafila. Annabi da kansa ya mayar wa Abu Jahmi mayafi mai zane saboda ya ɗauke masa hankali cikin salla. Don haka muna ba da shawarar a bar bangon alƙibla ba zane ba ƙyalli. In an yi salla gaban jan bango, sallar ta inganta.

Saura abubuwa uku. Na ɗaya, ja mai duhu ba ya rufe bango da shafi guda, sai biyu ko uku. Ma'aikacin da zai ci bashi don ya yi gasa da maƙwabci ya tuna aya ta 31 ta wannan Sura ta A'araf, wadda ta hana almubazzaranci. Na biyu, mai zama a gidan haya ko na gwamnati ya nemi izini tukuna, domin mayar da bangon fari wahala ce ga mai gida. Na uku, a tambayi mai sayarwa a tabbatar babu dalma a cikin fentin, domin wasu fentin mai suna ɗauke da ita, kuma tana lalata ƙwaƙwalwar yara.

Kai kuma mai tambaya, bar fentinka, ka ɗauki hularka ka tafi gidan wanka ka gaishe shi, ko da kana ganin kai ke da gaskiya. Ba mu san nassin da ya haramta jan bango ba, amma ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3 haramun ne a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Ka karanta masa wannan shafi cikin ladabi.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya sa mu dace, amin.