Kujerar Gaba a Coci da Rumfar Omdurman

A majami'u da yawa na Arewacin Najeriya, kujerar gaba tana da mai ita. Ko bai zo ba, ba mai zama a kanta. Ranar neman gudummawar gini, a ɗauki lasifika a faɗi sunan mai bayarwa da adadin kuɗinsa, a tafa masa, gwauruwar da ta ƙullo ɗari biyu a bakin zane kuwa ta sulale ta koma baya. Ni Kirista ne, a coci na tashi a Zariya, kuma ina ganin wannan al'ada tana lalata mana sujada.

Kafin yaƙin Sudan na 2023, zama ya kai ni Omdurman. A Sudan Lahadi ranar aiki ce, saboda haka waɗanda nake sujada da su a wata unguwa ta yammacin birnin sai da yamma suke taruwa. Yawancinsu mutanen tsaunukan Nuba ne da yaƙin yankinsu ya koro. Cocin rumfa ce ta tabarmi da buhuna, wurin zama dakalin laka. Mata masu sayar da shayi a bakin titi su zo da ƙaurin gawayi a mayafi, leburori su zo da siminti a ƙafa. Akwai likita a cikinsu, amma na daɗe ban san likita ba ne, domin shi ke yayyafa ruwa a ƙasa ya kwantar da ƙura kafin a fara, in ya gama ya zauna duk inda ya samu. Baiko kuwa a jakar ƙyalle ake zagawa da shi, ka tura hannunka a dunƙule, na kusa da kai bai san abin da ka saka ba. Ban taɓa jin waƙar yabo ta ratsa ni kamar a rumfar nan ba, alhali rabinta da harshen da ba na ji ake rera ta.

Kada a ɗauka talauci nake yabo. Ba su suka zaɓi rumfa ba. A 1971 gwamnatin Shugaba Numeiri ta karɓe babbar majami'ar Angilika da ke kusa da fadar shugaban ƙasa a Khartum, ginin da aka buɗe a 1912, daga baya aka mai da shi gidan tarihi. A zamanin Shugaba al-Bashir an daina ba da izinin gina sababbin coci, a 2017 kuma aka rushe wata a Soba. Kiristocin ba su yi shiru ba: sun kai ƙara kotu, an tsare fastocinsu. Tawali'u bai hana su neman haƙƙinsu a wurin hukuma ba. Abin da ya hana su shi ne ɗaga wa juna kai a gaban Allah.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aka ga inda wannan tarbiyya take kai mutum. A unguwar Shajara ta Khartum, kusa da barikin tankokin soja, akwai gidan sistocin Katolika da ake kira Dar Mariam. Mutane kusan tamanin suka fake a ciki, akasari mata da yara. A watan Nuwamba na shekarar bom ya faɗa wa ginin. Abinci ya ƙare har sistocin suka riƙa dafa wa yara ganyen itace, manya suna haƙura da cin wani lokacin. Sun fi shekara a haka, sai a Agustan 2024 aka samu fitar da sistocin da wasu daga cikin mutanen. Sistocin nan sun yi shekaru suna durƙusawa gaban bagade. Da ranar ta zo, durƙusawa gaban murhu don 'ya'yan wasu bai yi musu wuya ba.

Bahaushe kan ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Gaskiya ne, amma wannan durƙuso na mai neman wani abu ne, da ya samu zai miƙe. Wanda Yesu Almasihu ya nuna a Linjilar Yohanna sura 13 daban yake: ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda ya san zai bashe shi. Mu kuwa sau ɗaya a shekara muke kwaikwayon wannan, ranar Alhamis kafin Ista, kuma waɗanda aka zaɓa sukan wanko ƙafa tun daga gida. Abin yana ba ni tausayin kanmu.

Roƙona ga dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata shi ne a daina karanta adadin kuɗin mutane a lasifika, a cire takardun da ake mannawa a kujerun gaba, wanda ya riga zuwa ya zauna. Fasto da mai kuɗin coci su shiga jerin masu shara ranar Asabar kamar kowa. In kuma za a tara wani abu don 'yan'uwanmu na Khartum da Omdurman, Kirista da Musulmi, waɗanda ke komawa gidajen da aka wawushe, a zaga da jaka kawai, kada a kira sunan kowa.