IDO, WA KA RAINA? RAYUWAR WANI MAI ZANE A BAYAN BIRNI

Hausawa sun ce an tambayi ido, wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Wannan magana gaskiya ce ga yawancin 'yan Adam, amma akwai wata sana'a wadda mai yinta ba shi da halin raina abin da yake gani yau da gobe, domin kuwa nan abincinsa yake. Sana'ar ita ce ta mai zanen hotunan da ake sakawa cikin littattafai da bangon mujallu. Duk wanda ya yi makaranta ba ya rasa wani hoto da ya zauna masa a rai tun yana ɗan aji ɗaya, amma da wuya a sami mai iya faɗin sunan wanda ya zana shi, balle ya san yadda mutumin yake wuni. To, filin namu na wannan mako zai leƙa ɗakin aikin ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wani Ba'amurke mai suna Norman Rockwell, wanda ya bar wa duniya zane fiye da 4,000.

An haife shi cikin birnin Niyu Yok ran 3 ga watan Fabrairu na 1894, amma hayaniyar birnin ba ta taɓa kwanta masa a rai ba. Yana da shekara 21 gidansu suka ƙaura zuwa New Rochelle, wani gari da ke bayan birnin, wanda tafiyarsa ba ta kai sa'a guda ba cikin jirgin ƙasa. Irin garuruwan nan ne da ma'aikata ke kwana cikinsu, su yi sammako zuwa ofis, su komo da almuru, a bar tituna ga mata da yara da karnuka. Nan ya zauna har 1939, sa'an nan ya koma ƙauyen Arlington a Jihar Vermont, daga can kuma a 1953 ya sauka ƙaramin garin Stockbridge a Jihar Massachusetts, inda ya ƙare kwanansa. Watau dai tun da ya fita daga birni bai sāke komawa zaman dindindin cikinsa ba.

A zamanin nan New Rochelle matattarar masu zane ce, domin mutum yana iya aikinsa cikin natsuwa, ya kuma kai wa editoci kayansu ya dawo a yini guda. Yawansu ya kai har a shekarun 1920 suka haɗu suka zana allunan da aka kakkafa a mashigan garin, Rockwell ma ya zana ɗaya. Gwanin cikinsu shi ne J. C. Leyendecker, wanda saurayin nan ke ganin girmansa ƙwarai, har yakan bi shi a baya a hanyar tashar jirgi don kawai ya ga yadda yake tafiya. Daga baya suka yi abota, da Leyendecker ya rasu a 1951 kuwa Rockwell na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.

YARAN UNGUWA

Tun yana ɗan shekara 19 yake aiki da mujallar 'yan Sikawut mai suna Boys' Life, ana biyansa Dala 50 a wata. Burin kowane mai zane na lokacin kuwa shi ne a ga aikinsa a bangon Saturday Evening Post, mujallar mako-mako da ake bugawa a birnin Philadelphia, wadda ke shiga miliyoyin gidaje. A 1916 ya yi ta maza ya kai wa editanta, George Horace Lorimer, zanensa. Aka karɓa, aka biya shi Dala 75 a kan kowane hoto guda. Na farkon ya fito ran 20 ga watan Mayu na wannan shekara.

Me ke cikin hoton? Wani yaro ne an caɓa masa ado an ba shi keken jariri ya tura, ya murtuke fuska, ga tsararrakinsa biyu za su wasan ƙwallo suna yi masa tsiya. Iyakar labarin ke nan, abin da kowa kan gani a bakin ƙofarsa ya wuce bai kula ba. Wani yaron unguwa guda ne ma ya tsaya aka zana dukkan yaran uku. Daga wannan hoto har zuwa 1963, shekara 47 ke nan, Rockwell ya zana wa mujallar bango fiye da 320, akasarinsu kuwa irin wannan ne: yaro a kujerar wanzami, likita yana duba 'yar tsanar wata yarinya, tsofaffi suna kiɗa a bayan shagon aski, soja ya dawo gida yana taya uwarsa feren dankali.

Tsayar da yaro wuri ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Dabarar da ya ƙago ita ce, yakan jera tsabar kuɗi a gefe ɗaya na tebur, duk sa'ad da yaro ya daure ya tsaya har lokacin hutu ya yi, sai ya tura wasu zuwa ɗaya gefen ya ce waɗannan sun zama naka. Yaro na kallon tarinsa yana ƙaruwa, sai ya manta da gajiyar ƙafa. Daga wajen tsakiyar shekarun 1930 ya fara sa a ɗauki mutanen hoto da kyamara, abin da ya rage musu wahala, ya kuma ba shi damar kama dariya ko harara kafin ta gushe daga fuska.

YADDA YAKE WUNI

Wanda ya ɗauka mai zane mutum ne mai jiran ilhama ta sauko masa, zai sha mamakin wunin Rockwell. Wajen ƙarfe takwas na safe ya shiga ɗakin aiki, ba ya barinsa sai yamma ta yi, kwana bakwai na mako, ko ranar Kirsimeti rabin yini kaɗai yakan huta. Kowane hoto sai ya bi matakai: a fara da ɗan ƙaramin zane na fensir a nuna wa edita, in ya yarda a shiga neman fuskokin da suka dace da labarin, da tufafi da takalma da kujerun da za su shiga ciki, sa'an nan a yi cikakken zane da gawayi, a yi gwajin launi, kana a ɗauki buroshi da fentin mai. Yakan sayi tsohuwar riga ko hula a jikin mai ita, saboda sabuwa ba ta ba da labarin komai.

Jin daɗinsa kuwa duka 'yan ƙananan abubuwa ne. Lofensa ba ya rabuwa da bakinsa. Yakan share daɓen ɗakin sau da yawa a yini, ya wanke buroshinsa da sabulu har su yi tas, ya mai da kowane mazauninsa. Duk wanda ya leƙo, ko ɗan aike ne ko mai kawo wasiƙu, sai ya tsayar da shi gaban zanen ya tambaye shi abin da ya gani, domin a ganinsa hoton da mai wucewa bai gane labarinsa nan take ba, bai yi aikinsa ba. A shekarunsa na Stockbridge kuma yakan hau keke kafin abincin rana, shi da matarsa Molly, su zaga bayan gari su dawo. Ta wannan hanya ya san fuskokin garin kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

Ranar da wannan sani ya yi masa rana ta zo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana zaune a Arlington. A watan Janairu na 1941 Shugaba Roosevelt ya yi jawabi a kan 'yanci huɗu da suka kamaci kowane ɗan Adam, watau faɗin albarkacin baki, da yin addini, da kuɓuta daga fatara, da kuɓuta daga tsoro. Rockwell ya so ya zana su, ya rasa ta inda zai kama maganganu masu girma haka. Rannan sai ya tuna wani taron mutanen ƙauyensu, inda wani maƙwabcinsa ya miƙe shi kaɗai ya soki shawarar da jama'a suka karkata gare ta, aka kuwa saurare shi har ya gama. Nan ya sami hoton farko. A hoton kuɓuta daga fatara, dattijuwar da ke ajiye gasasshen talotalo a kan tebur mai dafa wa iyalinsa abinci ce. A na kuɓuta daga tsoro, uwa da uba ne suke lulluɓe 'ya'yansu da dare, uban riƙe da jarida mai labarin ruwan bama-bamai. Aka buga hotunan huɗu a 1943, aka zaga da su birane 16, aka tara fiye da Dala miliyan 130 ta hanyar sayar da takardun rancen yaƙi.

A cikin wannan shekara gobara ta cinye ɗakin aikinsa ƙurmus, da zane-zane da tufafin da ya daɗe yana tarawa, ana kuwa kyautata zaton tokar lofen nan ce sanadi. Abin da ya yi shi ne ya zauna ya zana labarin gobarar cikin raha, har da 'yan kwana-kwana da 'yan kallo, mujallar ta buga.

ABIN DA BA YA CIKIN HOTO

Kada mai karatu ya zaci mai zanen fara'a kullum cikin fara'a yake. Dalilin ƙaurarsa zuwa Stockbridge shi ne matarsa ta lokacin, Mary, uwar 'ya'yansa maza uku, tana fama da ciwon damuwa, akwai kuwa asibitin masu irin wannan larura a garin. Shi kansa ya daɗe yana ganin masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson a can. Mary ta rasu a 1959, ya auri Molly a 1961. Idan aka duba da kyau, sharar nan da wankin buroshi da zagayen keke su ne shingen da ya tsare masa hankalinsa sa'ad da gida ya yi zafi. Masana zane na birni kuma sun daɗe suna yi masa kallon mai aikin kasuwa, shi ko bai ja da su ba, yakan kira kansa mai zanen mujallu kurum.

Akwai kuma wani giɓi wanda ya fi wannan nauyi. Unguwar da ke bangon Saturday Evening Post unguwar farar fata ce zalla. Rockwell da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ƙa'idar da aka gindaya masa ita ce kada baƙar fata ya fito sai a matsayin mai hidima. Shekara da shekaru ya bi wannan ƙa'ida, ya ci abinci da ita, wannan kuwa abin zargi ne da ba a kankare masa ba. Amma idon da ya saba duban maƙwabci da kyau, ba ya dawwama yana kau da kai daga wani maƙwabcin.

Da ya bar mujallar a 1963 ya koma wata mai suna Look. A watan Janairu na 1964, yana dab da cika shekara 70, ya fitar da hoton Ruby Bridges, yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, wadda a watan Nuwamba na 1960 sai da jami'an gwamnatin tarayya suka raka ta makarantar farar fata a birnin New Orleans saboda masu zanga-zanga. Ga ta cikin farar riga, riƙe da littafi da rula, jami'ai huɗu sun sa ta tsakiya ba a nuna kawunansu ba, a bango kuwa ga zagi an rubuta, ga tumatir da aka jefa ya fashe. Yadda ya saba haka ya yi, wata yarinya 'yar garinsu ce ta tsaya aka zana. Wasiƙun yabo da na zagi suka yi ta zuwa. A 2011 Shugaba Obama ya sa aka rataye hoton na 'yan watanni a fadar shugaban Amurka.

A 1967 ya sāke komawa titin bayan birni inda ya fara, amma da sabon labari. Motar kaya ta tsaya, wasu baƙar fata sun tare a unguwar farar fata. Yara biyu na sababbin zuwa suna tsaye, yarinyar rungume da farar kyanwa, ga yaran unguwa uku da baƙin karensu, ana kallon-kallo. Samarin ɓangarorin biyu kowa da safar hannunsa ta kama ƙwallo, alamar ba za a daɗe ba za a haɗu a fili. Can nesa kuwa wani ya ɗaga labulen taga yana leƙe. Duk damuwar ƙasar a lokacin tana cikin wannan labule.

A 1977 aka ba shi lambar girma mafi daraja da Amurka ke ba farar hula. Ya rasu ran 8 ga watan Nuwamba na 1978, yana da shekara 84, ya bar wani zane bai ƙarasa ba. A 2013 aka sayar da wani hotonsa na 1951, na wata tsohuwa da ɗan yaro suna addu'a kafin cin abinci cikin wani gidan abinci mai cunkoso, a kan Dala miliyan 46. Ɗakin aikinsa na Stockbridge kuwa an ɗauke shi ɗungurungum a 1986 an kai shi harabar gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa, mutane na zuwa kallo.

Abin lura a nan ga duk yaron da Allah Ya hore wa hannun zane, wanda yake ganin ba shi da abin zanawa sai ya je babban birni ko ƙetare, shi ne mutumin nan ya yi shekara sittin yana aiki da fuskar mai gidan mai da ta mai dafa abinci da ta yaran maƙwabta, bai ƙure su ba. Mai shayin bakin layi yana nan, haka tela da kekensa, haka tsohuwar da ke tsinken zogale a zaure. Abin da ake bukata shi ne fensir, da takarda, da zuwa aiki kan lokaci, da idon da ya ƙi raina wanda yake gani kullum.

Sai mako mai zuwa.